Kowa ya ce manhajar ta yi kyau, amma mutane na gudu a wajen rajista

Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya dame ni. Wata huɗu ina gina wata manhaja ta rajistar darussa, na gama na tura wa abokaina su kusan sha biyar kowa ya ce masha Allah ta yi kyau, kala ta yi, rubutu ya yi, to da muka sake ta ga jama'a sai naga mutane suna shiga shafin rajista amma wajen rabinsu basa ƙarasawa, a tsakiya suke fita. Na bi aikin layi layi babu kuskure, sabar ma, wato kwamfutar da manhajar ke ajiye bayananta, lafiyarta lau. Shin in canza kalar ne gaba ɗaya, ko in tura musu tambayoyi su faɗa min abinda basu so?

Anti Bilki: Wa alaikassalam Abba. Kar ka taɓa kala tukunna. Tambaya ɗaya zan maka, cikin su sha biyar ɗin akwai wanda ka zauna kusa da shi kana kallo ya cike fom ɗin da hannunsa tun daga farko har ƙarshe, kai kuma bakinka a rufe?

Abba: Gaskiya a'a Anti. Tura musu nayi kawai nace su duba su faɗa min ra'ayinsu

Anti Bilki: To nan matsalar take. Ra'ayi ka nema, ra'ayi kuma aka baka. Abokinka bazai kalli wahalarka ta wata huɗu yace bata yi ba, kuma ko da ya so faɗar gaskiya shi kansa bai san inda zai maƙale ba tunda bai yi aikin ba, kallo kawai yayi. Abinda mutum ke faɗa daban, abinda yake yi daban, kusan duk sana'ar nan tamu ta gwada sauƙin amfani da manhaja akan wannan ta ginu. Gani ya kori ji.

Abu uku ake dubawa idan ana maganar sauƙin amfani, haka yake ma a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241-11: mutum ya iya cimma abinda yazo yi kuwa, nawa ya ci masa na lokaci da wahala, sannan ya gamsu ko ransa ya ɓaci. Kai na ukun kaɗai ka tambaya, shima ba daga bakin waɗanda suka dace ba.

Abinda zakayi: nemo mutum biyar irin waɗanda ka gina wa manhajar, ba masu harkar kwamfuta ba. Ɗaya bayan ɗaya, ba a tare ba. Ka bashi aiki na gaske, kar kace masa "danna maɓallin rajista" don ka riga ka bashi amsa kenan, ce masa "kana so ka shiga darasin da zai fara ranar Litinin, nuna min yadda zakayi". Ka roƙe shi ya riƙa faɗar abinda ke ransa a fili yana yi, abinda yake nema, abinda yake zato zai faru in ya danna. Sai kayi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya wallahi, zakaga mutum yana lalube maɓallin yana gabansa hannunka har ƙaiƙayi yake, to ka daure, don ranar da yake gida shi kaɗai baka nan.

Malam Nura: Hajiya ina girmama iliminki amma maganar mutum biyar ɗin nan ni bata taɓa shiga kaina ba. Mutum biyar! Ta yaya zaka yanke hukunci akan dubban mutane da biyar? Ni shawarata Abba ya saka ma'auni a kowane mataki na fom ɗin yaga a inda mutane suka fi zubewa, sannan ya yi nau'i biyu ya raba masu shigowa gida biyu, wasu su ga na farko wasu na biyu, wanda yafi kawo rajista shi za'a bari. Lissafi baya son kai

Zainabu: Nima ina son jin amsar wannan, a aji an faɗa mana biyar ɗin amma ba'a bayyana daga ina ta fito ba

Anti Bilki: Tambaya ce mai kyau Malam Nura, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Asalin ta daga aikin Jakob Nielsen da Thomas Landauer ne na 1993, daga baya Nielsen ya ƙara yaɗa ta a 2000. Sun duba ayyuka da dama suka ga a matsakaici mutum ɗaya yana bankaɗo kusan kashi 31 cikin 100 na matsalolin da ke cikin abu. Na biyu zai ci karo da wasu irin na farko ya ƙara wasu sabbi, haka haka, in ka lissafa zuwa na biyar ka kai wajen kashi 85. Daga nan maimaici yake yawa. Kuma shi bai ce kayi biyar ka naɗe hannu ba, cewa yayi maimakon ka tara sha biyar lokaci ɗaya, kayi biyar ka gyara, ka sake biyar ka gyara, ka sake.

Amma ka lura, biyar ɗin na NEMO matsala ne, ba na auna ta ba. In mutum uku cikin biyar suka faɗa rami ɗaya bana buƙatar dubu kafin in yarda akwai rami. In kuma so kake kace kashi kaza ne ke gamawa cikin minti kaza, to nan biyar bata isa ba sam, sai ka nemi mutum 20 zuwa 40 ko fiye.

Malam Nura: To ai ko wajen nemowar ma akwai magana. Laura Faulkner ta gwada da mutum 60 a 2003, ta riƙa ɗibar biyar biyar cikinsu, wani rukunin ya gano kusan duka matsalolin wani kuma kashi 55 kacal. Kenan sa'a ce, ya danganta da waɗanda suka faɗo maka

Anti Bilki: Haka ne, kuma shi yasa nake nanata zagaye zagaye. Sannan in masu amfaninka kala kala ne, misali ɗalibai da malamai, kowane rukuni nasa mutanen daban. Inda na rabu da kai shi ne ma'aunin naka zai faɗa wa Abba cewa a mataki na biyu ake zubewa, bazai faɗa masa dalili ba. Kuma raba mutane gida biyu yana son jama'a masu yawa kafin sakamakon ya zama abin dogaro, sabuwar manhaja ina ta gansu? In bai san dalili ba me zai saka a nau'i na biyun, canki-canka zai yi.

Bari in baku abinda na gani da idona. Wata baiwar Allah ce mai shekara hamsin da wani abu, muna gwada wani fom, ta iso wajen ranar haihuwa. Ta danna sai kalanda ta buɗe akan watan da muke ciki. Akwai hanyar zaɓar shekara kai tsaye in ka taɓa lambar shekarar a sama amma babu abinda ke nuna ana taɓa ta, to sai ta fara danna kibiyar baya, wata ɗaya, wata ɗaya, wata ɗaya. Ina zaune ina ƙirgawa a zuci. Ta yi baya da shekara huɗu sai ta ajiye wayar akan cinyarta tace "ni dai ban iya waɗannan abubuwan ba". Kanta ta ɗora wa laifin. Da muka gama na tambaye ta ya ta ga fom ɗin tace ba laifi yana da kyau. Da takardar tambayoyi muka tura mata da abinda zamu samu kenan, ba laifi.

Malam Nura: Wannan kam na yarda lissafi bazai nuna shi ba. Amma dai bazan bar ma'aunin ba, shi zai nuna inda za'a zuba ido

Anti Bilki: Kar ka bari. Naka ya nuna wurin, nawa ya nuna dalili, in an gyara naka ya sake tabbatar ko gyaran yayi aiki

Malam Isiyaku: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake sauraron muhawarar nan, ina cewa sauraro don ni makaho ne, wayata ce ke karanta min saƙonninku. Abba na sauke manhajar taka yanzun nan daga adireshin da ka saka kwanaki. Ka bani izini in faɗa maka abinda na tarar a gaban jama'a?

Abba: Sosai ma Malam, don Allah faɗa

Malam Isiyaku: To. Ni da TalkBack nake aiki, wato mai karanta sikirin na Android, masu iPhone nasu VoiceOver, a kwamfuta kuma NVDA nake amfani da shi wanda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙira kuma kyauta ne. Yadda nake yi ina shafa yatsa zuwa dama wayar tana faɗa min abu na gaba, in naji wanda nake so in taɓa sau biyu.

Shafinka na farko na shafa, tace maɓalli. Na sake shafawa, maɓalli. Na sake, maɓalli. Guda huɗu a jere babu mai suna. Ku masu ido kuna ganin ƙananan hotuna ne a kansu na sani, ni kuma kamar an tsayar da ni gaban ƙofofi huɗu ance zaɓi ɗaya. Na danna na biyu a kan sa'a ya kai ni wani wuri, na dawo, na uku ne rajista.

A cikin fom ɗin akwatin farko ya faɗi sunansa, na rubuta, da na koma in duba sai ya karanta abinda na rubuta kawai bai ƙara faɗar akwatin mene ne ba, ina zaton rubutun nan mai ɓacewa ka saka a ciki maimakon suna na dindindin a samansa. Na daure na kai ƙarshe na danna tura. Shiru. Bata ce an karɓa ba bata ce akwai kuskure ba. Sai da na bi shafin tun daga sama na tarar da wani saƙo wai lambar waya ba daidai ba, bai faɗi me ke damunta ba. Na gyara, aka turo min lambar tabbatarwa, kafin in fita in saurari saƙon in riƙe lambobi shida a kai in dawo in nemo akwatin, daƙiƙa talatin ɗinka sun ƙare. Sau uku. A nan na tsaya.

Ba don in karya maka gwiwa na faɗa ba ɗana. Yawancin manhajojin da nake buɗewa haka suke, har na manyan kamfanoni, akwai ranar da sai da na miƙa wa wani wayata da kalmar sirrina ya ƙarasa min abinda ya kamata ya zama sirrina ni kaɗai, wannan ranar ta tsaya min a rai har yau.

Abba: Innalillahi. Malam wallahi ko sau ɗaya ban taɓa tunanin wannan ba, kayi haƙuri. Maganar daƙiƙa talatin ɗin don tsaro na saka

Malam Isiyaku: Ba komai, tambayar da kayi ita ce alheri. Tsaro yana da kyau amma ka ƙara lokacin, ko ka bada damar a nemi ƙari

Kabiru: Ni kuma nawa na kala ne. Bana bambance ja da kore sosai tun ina yaro, kuma mu ba kaɗan bane, ana ƙiyasta kusan namiji ɗaya cikin 12 a wasu al'ummomin, mata kuma ɗaya cikin 200. Abba akwatin da aka yi kuskure a fom ɗinka layinsa kawai ke komawa ja, wanda yayi daidai kore, a wajena duk kusan ɗaya ne. Ƙara alama da rubutu a ƙarƙashin akwatin shikenan. Sannan rubutunka toka-toka ne akan fari, yana da kyau a ɗaki amma fita da shi rana ka gani

Zainabu: To wai duk waɗannan akwai inda aka rubuta su ne ko sai mutum ya ci karo da su ɗaya ɗaya?

Anti Bilki: Akwai Zainabu. WCAG ake ce masa, kundin ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet ne, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ce ke fitarwa, na farko 1999, sai 2.0 a 2008, 2.1 a 2018, na yanzu 2.2 ya fito a Oktoban 2023. Ginshiƙansa huɗu: mutum ya iya riskar abin ko da ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, kuma ya yi aiki da na'urorin taimako irin na Malam Isiyaku. Matakai uku ne A da AA da AAA, yawanci AA ake nema. Duk abinda suka lissafa yana ciki. Bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa aƙalla 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manya. Kar kala ita kaɗai ta ɗauki saƙo. Kowane maɓalli da sunansa. Kuskure a faɗe shi da rubutu. Kuma a wasu wuraren ba alfarma bace doka ce, Tarayyar Turai tata ta fara aiki 28 ga Yunin 2025 akan abubuwa irin bankuna da kasuwancin intanet.

Malam Nura: Zan faɗi abinda wasu ke tunani basu faɗa ba, kuma Malam Isiyaku ka yafe min ba raini bane. Yaron nan shi kaɗai ne, ba kuɗi ba ma'aikata. Ba gara ya fara gyara wa mafi yawa ba, in manhajar ta tsaya da ƙafarta sai ya waiwayi masu buƙata ta musamman?

Malam Isiyaku: Ban ji haushi ba Malam Nura, na sha jin ta. Amma "daga baya" ɗin nan na daɗe ina jiranta bata zuwa. Saka wa maɓalli suna yanzu aikin minti biyu ne, in an gina shafi ɗari akan kuskuren ya zama aikin wata, sai ace yayi tsada. Kuma mu nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, ke rayuwa da naƙasa mai tasiri. Bar ma wannan, dubi abubuwan da na lissafa, wanne ne nawa ni kaɗai? Saƙon kuskure da ya ɓuya a sama, mai ido ma in yana ƙasan shafi bazai ganshi ba. Daƙiƙa talatin, dattijo bazai kai ba, wanda saƙo ya makara masa saboda sabis bazai kai ba. Ni dai na fi saurin faɗawa ramin ne, amma ramin na kowa ne. Ina kyautata zaton rabin nan da ke gudu a fom ɗinsa da yawansu a waɗannan wuraren suke faɗawa

Kabiru: Kamar rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, don kurame aka yi shi, yau kowa na kunna shi in yana cikin hayaniya. Ko mai jego da jariri a hannu ɗaya, a wannan lokacin ita da mai hannu ɗaya buƙatarsu ɗaya

Malam Nura: Na karɓa a kan suna da saƙon kuskure da lokaci, waɗannan ba tsada. Har yanzu ina ganin akwai abubuwan da dole a jera su wani kafin wani, ba duka zai iya a sati ɗaya ba

Anti Bilki: Jerawa dole ce, amma da tsanani ake jerawa ba da wanene abin ya shafa ba. Abinda ke hana mutum gamawa kwata kwata shi ne farko ko mutum nawa ne, sai mai jinkirtarwa, sai mai ɓata rai kawai

Abba: Na gode ƙwarai. To in na kunna TalkBack na rufe idona na gwada da kaina ya wadatar? Na kuma ga akwai manhajojin da ke duba shafi su fito da kurakuran da kansu

Malam Isiyaku: Yi, zaka kama maɓallai marasa suna da shi. Amma kar ka ɗauka ka zama ni. Kai zaka rikice ne akan abinda ni ko a jikina, ni na saba muryar tana gudu da saurin da bazaka gane ko kalma ba, ina tsalle daga kan magana zuwa kan magana ba layi layi ba. Abinda zai dame ni kuma kai ba lallai ka lura ba tunda ka san fasalin shafin a kanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikin biyar ɗinka ka saka irinmu

Anti Bilki: Na'urar dubawar ma haka, tana kama wani ɓangare ne kawai. Zata faɗa maka hoto bashi da bayani, amma in ka rubuta masa "hoto1" zata wuce ka tace lafiya

Zainabu: Anti ya maganar SUS, takardar tambayoyin nan ta auna sauƙin amfani? Ita aka bamu a aikin makaranta

Anti Bilki: Tana da amfani in an yi ta BAYAN mutum ya gama aikin. John Brooke ne ya tsara ta a 1986, jimloli goma, kowace mutum ya zaɓa daga 1 zuwa 5 gwargwadon yardarsa da ita. Masu lambar mara ki cire 1 daga amsar, masu lambar cika ki cire amsar daga 5, ki tara ki ninka da 2.5, zai baki tsakanin 0 da 100. Kar ki karanta shi kamar makin jarabawa, matsakaicin da aka saba samu wajen 68 ne, don haka 70 ba wani abin murna bane, daidai wa daida ne. Amfaninta kwatanta kafin gyara da bayan gyara.

Abba kafin ka fara: ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko sikirin, ka basu bayanan bogi su cike kar su saka nasu na gaske, ka faɗa musu tun farko manhajar ake gwadawa ba su ba kuma suna iya tsayawa duk sanda suka so, ka kuma saka musu da wani abu don lokacinsu ne suka baka. Kar ka tambayi "ai ya yi sauƙi ko?", tambayi "me kake zaton zai faru in ka danna nan?"

Abba: Salam, na dawo bayan kwana shida. Nayi da mutum biyar, ɗaya mai raunin gani ce da ke ƙara girman rubutu a wayarta. Abinda ban taɓa zato ba: in mutum ya zo akwatin ƙarshe, allon rubutu na wayar yana tasowa ya rufe maɓallin "ci gaba" gaba ɗaya. A wayata babba ce baya rufewa shi yasa ban taɓa gani ba. Huɗu cikin biyar sun tsaya nan, ɗaya ya ɗauka ya gama ya rufe manhajar yana murmushi. Ita kuma mai ƙara girman rubutun, sunayen akwatunan hawa kan juna suka yi. Sau biyu na kasa daurewa nayi magana Anti, na uku na danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Na gyara maɓallin, na saka sunaye, lokacin lamba ya koma minti biyar, saƙon kuskure yanzu yana ƙarƙashin akwatinsa da rubutu. Malam Nura na saka ma'aunin ma

Malam Nura: Madalla. Bar shi sati biyu kafin ka kalli lambobin, na kwana ɗaya ruɗi ne

Malam Isiyaku: Na sake gwadawa yanzu. Na yi rajista ni kaɗai har ƙarshe Abba, Allah ya yi albarka. Saura abu ɗaya, in an karɓi rajistar wayar bata sanar da ni ba, sai da na lalubo saƙon. Ka sa ya riƙa faɗar kansa da zarar ya fito

Abba: Amin Malam. Yau da daddare zan yi shi in sha Allah, gobe in turo maka ka ƙara dubawa kafin in kira biyar na gaba